Tambayi Bakanike: Babur Ɗin Mahaifina Tun 2012 Yake Jingine a Zaure

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato tsohon babur da ake son a tayar. Ta farko ita ta cinye mana fili, don na karanta ta sau uku kafin in ɗauki biro.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Funtuwa. Mahaifina malamin gona ne, kuma da Honda CG125 ja ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Tun 2012 da ƙafa ta fara damunsa ya jingine shi a zaure, aka rufa masa tsohuwar tabarma, ba a sake tayar da shi ba. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Ina so in dawo da babur ɗin yadda na san shi ina yaro. Wani abokina ya ce mu kwance shi kaf ranar Asabar, mu kai firam da tanki wajen mai fenti, sauran kaya a riƙa saye a hankali. Wani kuma ya ce asarar kuɗi ce, in sayar wa 'yan gwangwan in cika in sayi Bajaj. Albashina ba wani mai yawa ba ne. Na taka kik ɗin sau ɗaya ya ƙi motsi. Ta ina zan fara?

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci bayansa. Malaman gona na wancan zamani na san su, domin tun da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, ba ƙauyen da ƙarar baburansu ba ta shiga ba.

Kafin ka taɓa sifana akwai maganar da ba ta kanikanci ba ce, amma dole in faɗe ta. Babur ɗin nan dukiyar magada ce. In ba a raba gado ba, ka tara 'yan'uwanka maza da mata, da mahaifiyarku in tana raye, a kira wanda ya san kuɗin tsofaffin babura ya yi masa ƙima a yadda yake yau, da ƙurarsa da tsatsarsa. A sa shi cikin rabonka ko ka biya su nasu, a rubuta, shaidu su sa hannu. Yanzu ba mai kallonsa. Ranar da ya fito yana sheƙi yana ƙara a ƙofar gida, kowa zai tuna cewa ubansa ne ya saya. Ka kuma duba jakar takardun marigayi, rasiti da takardar lamba suna nan a ciki, irin mutanen da ba sa zubar da takarda ne.

To, abokinka na farko yana ƙaunarka, amma kada ka bi shawararsa. Kwance babur aikin wuni ɗaya ne, yaron gareji ma zai iya. Haɗa shi ne yake cin shekara. Ina saurayi, ban daɗe da barin hannun maigidana ba, na samu wata Honda Benly CD175 a araha. Ɗoki ya sa na warware ta tun daga safe zuwa la'asar, na zuba a buhu biyu da kwali ɗaya, na kai tanki fenti. Sai hidimar aure ta taso, bayanta aka tashe mu daga filin da muke aiki. Da na waiwayo bayan shekara biyu, kwalin ya sha ruwan sama ya yage, ƙananan kaya sun bi ƙasa, ni kuma na manta wace waya ke zuwa ina. A sikeli na sayar da ita. Tankin kaɗai ya rage, da fentinsa mai kyau. Har yau in na ji ƙarar Benly a titi sai na juya, sai kuma in ji ba daɗi, domin injin nan ban taɓa jin muryarsa ba na kashe shi.

Don haka ga tsarin da nake bi tun daga lokacin, kuma shi nake koya wa yarana: a fara jin muryar inji, sannan birki da taya, sannan waya da fitilu, fenti kuwa can ƙarshe. Sai inji ya tashi za ka san ko aikin na wata biyu ne ko na shekara.

Ka yi sa'a da irin babur ɗin da ka gada. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa biyu suka zagaya Tailan, Maleshiya, Indonesiya, Filifin, Iran da Pakistan, don su ga yadda mutane ke amfani da babur. Suka tarar ana hawa uku har huɗu, ana ɗora kaya kamar jaki, baƙin mai ya zama kamar kwalta ba a canza ba, matatar iska ta toshe da ƙasa. Sai suka koma suka ƙera injin da zai jure wa wannan, aka fito da CG a 1975. Maimakon kamshaf, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, a can saman inji inda mai ke wuyar kaiwa, sai suka sauko da shi ƙasa kusa da mai, 'yan sanduna biyu na ƙarfe suna tura bawul daga nan. Ba sarƙar taimin da za ta saki ta yi tsalle. Shi ya sa injin ke yafe laifin da wani ba zai yafe ba, shi ya sa kuma masana'antun Chaina suka kwaikwaye shi iya kwaikwayo.

Yanzu kik da ya ƙi motsi. Kada ka sake taka shi, kada kuma ka bar wani ƙato ya hau da ƙarfi. Ringin fistin ƙarfe ne mai gautsi, in tsatsa ta riƙe shi aka tilasta masa, karyewa yake yi ya karce cikin bulo. Fito da babur ɗin tsakar gida, ka wanke shi da ruwa da omo, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe da wayarka. Tabbatar yana firi, don wani lokaci giya ce a ciki, kuloci kuma ya manne saboda daɗewa. In yana firi kuma ya ƙi, sai ka goge kewayen fulogi sosai kada yashi ya faɗa, ka kwance shi, ka zuba man gas kamar cokali uku ta ramin, ka mayar da fulogin sako-sako. Bar shi kwana uku. Kullum da yamma in ka dawo daga makaranta, ka cire fulogin, ka sa giyar ƙarshe, ka riƙa tura babur ɗin gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai jijjiga jariri. Wata rana za ka ji ya ɗan ba da kai. In an yi mako biyu bai saki ba, to a nan ne za a buɗe kan inji, kuma wannan aikin ka kai wa tsohon bakanike.

Da ya saki, juye baƙin man da ke ciki a farin kwano ka fita da shi rana. Baƙi ba laifi ba ne. Abin da ake nema shi ne ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin azurfa, ko 'yan gutsattsarin ƙarfe, ko mai da ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga. A ƙasan inji ta hagu akwai babban murfi mai sifirin, bayansa 'yar rariya ce kamar hular yatsan tela, ka wanke ta da kananzir. Akwai wata matatar kuma a bayan murfin dama, mai juyawa tana wurga datti jikin bangonta. Yawancin masu CG ba su ma san da ita ba. In ka buɗe za ka tarar da laka mai tauri kamar busasshen tuwo, sai an kankare. Zuba sabon mai, wajen lita ɗaya yake ci, ka duba da sandar awo. 20W-50 na babur ya dace da zafinmu. Ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, domin kulocin yana wanka cikin man ne, wasu mayukan mota kuma santsinsu yana sa shi zamewa.

Fulogi na waje, ka ɗora tsumma a ramin ka taka kik sau ashirin, man gas ya fita, sabon mai ya zagaya. Sannan ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi har ta yi "fuf", alhamdu lillahi, akwai rai.

Sai wuta. Sa sabon fulogi a hularsa, ka jingina shi jikin inji nesa da fetur, ka taka. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara "tas-tas". Ja ko rawaya mai rauni ba zai wadatar ba. Na farkon CG kwantak suke amfani da shi, wato 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa don ba fulogi wuta, yana bayan murfin hagu. Bakinsa kan yi farin datti bayan shekaru, sai a goga samfefa mai laushi tsakani, a bi da farar takarda har ta fito fes. Buɗewarsa milimita 0.3 zuwa 0.4, na fulogi 0.6 zuwa 0.7, na tafet kuwa, wato tazarar da ke kan bawul, 0.08 inji na sanyi. Sayi fila geji, ma'aunin irin wannan tazara, ba shi da tsada, kada ka yarda da awon ido. Kuma ka karanta jikin tsohon batir da ƙwan fitila kafin ka je kasuwa. Na farkon bolt 6 ne, daga baya aka koma 12. In ka sa batir 12 a na 6 za ka ƙone ƙwayaye. In kuma ka tayar da na 6 babu batir ka murɗa totur, nan ma ƙwayayen za su tafi, don batir ɗin ne ke shanye rarar wuta.

Kafireto shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna, bari in daɗe a nan. Fetur in ya kwana shekaru yana bushewa ya bar wani danƙo kore ko ruwan ƙasa mai warin tsohon fenti. Sukurorin Japan na da, in ka duba kansu da kyau, za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Ramin nasu ya bambanta da na sukundireban da ke kasuwa, shi ya sa yake zamewa ya cinye kan. Danna da nauyin jikinka kafin ka murɗa, na jikin inji kuma ka ari sukundireban da ake duka da guduma. Shimfiɗa farin ƙyalle a tire, duk abin da ka cire ka jera shi bi da bi daga hagu zuwa dama. Kafin ka cire sukuron iska, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta, don ka mayar da shi inda yake. Jet guda biyu ne za su dame ka, babba da ƙarami. Ƙaramin, na sulo, raminsa ɗan mitsitsi ne, kuma in ya toshe shi ne ke hana babur zama a sulo. Jiƙa su a sabon fetur su kwana. Kada ka sa allura, don tagulla ce, ramin zai faɗaɗa, daga nan babur ya zama mashayin mai har abada. Zare silin waya ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki, mai laushi, ka zura a hankali, ka hura, ka ɗaga jet ɗin saitin rana. Sai ka ga haske zagayayye kamar tauraro, ba jinjirin wata ba. In kafireton an rubuta Keihin a jikinsa, na asali ne. Za a ce maka ka jefar ka sayi sabo. Kar ka yarda, gasket da allurar fulot kawai yake bukata.

Leƙa akwatin iska da bakin salansa. Babur da ya daɗe a zaure ba ya rasa baƙi: ɓera ya yi sheƙa da soson kujera, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututu. Na taɓa wuni ina neman laifin inji, ashe gidan zanzaro ne ya toshe salansa. Soson matatar iska in ka taɓa shi ya marmashe, cire shi duka kafin inji ya zuƙe shi.

Ranar tayarwa kada ka yi amfani da tankinsa. Rataya 'yar gora da tiyo ka ba kafireto fetur mai tsabta. A fili za a yi, nesa da murhu, yara su matsa, bokitin yashi a kusa. Yi bisimilla, ja cok, taka. In ya kama kada ka murɗa totur don murna, bar shi a sulo ka kasa kunne. Hayaƙin farko na man gas ne, zai wuce cikin minti goma. In shuɗin hayaƙi ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, ringi ne ko bawul. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, gyaran kafireto ne. Ƙarar "cik-cik" daga sama tafet ce, CG ba ya rabuwa da 'yar wannan. Amma "ƙwal-ƙwal" mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in ka ɗan ba shi wuta, konrod ne, wato sandar da ke riƙe fistin, ko boris, sai a kashe a shirya buɗe inji. A wannan rana ce za ka zauna da littafi ka yi lissafin gaskiya.

In ta kama a yi boring, wato a faɗaɗa cikin bulo, fistin na zuwa hawa-hawa, 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. A ɗauki mafi ƙanƙanta da zai share karcen, don a bar wa gaba wuri. Ka sayi fistin tukuna ka kai wa mai boring tare da bulo, ya yanka daidai da shi. Bayan haka kilomita 500 na farko a hankali, ba goyo, sannan a juye mai.

Batun kaya, a nan mai CG ya fi kowa hutawa. Gasket, wayar birki da ta kuloci, sarƙa da siforoket, lainin birki, ƙwan fitila, boris, duk za ka samu sababbi na baburan Chaina masu irin injinsa, yawancinsu ta Nnewi suke shigowa, kuma da dama suna hawa ba gyara. Amma kullum ka tafi da tsohon a hannu a gwada, kada ka saya da baki. Abin da ba a sake yin irinsa ba shi ne tanki, murfin gefe, agogo, tambarin jiki, madigadi, har da notunan asali. Waɗannan a gyara su, ba a musanya su. In wani ya ɓace, sai haƙuri da yawo wajen masu kayan kwance, irin Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko tsofaffin kanikawa na garinku da ke da tarin ƙarafa a bayan rumfa. Duk abin da aka cire, ko ya lalace, ka karɓi abinka ka sa a leda ka rubuta sunansa. Notunan murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne, zana hoton murfin a kwali ka soka kowanne a gurbinsa.

Inji ya tashi, zuciya za ta ce ka zagaya unguwa. Ka danne ta. Lainin birki manne yake da gam a jikin ƙarfen nan mai kama da jinjirin wata, gam kuwa yana mutuwa da shekaru. Ya kan ɓalle ana cikin tafiya ya cije taya, in ta gaba ce sai dai a ɗauki mutum. Canza na gaba da na baya ko da sun yi kama da sababbi. Ƙurar cikin dirom kada ka hura ta da baki, na da akwai masu asbestos mai cutar da huhu, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tayoyi ma haka, ko zanensu bai cinye ba. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2309 na nufin mako na 23 a 2009. In lamba uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta. Sabuwar ma da za ka saya ka duba, don taya na tsufa a shago.

Waya ba ta da wuyar da ake ba ta in ka san Honda ba ta cika sauya launi ba: koriya mai komawa jikin ƙarfe, ja daga batir, baƙa bayan makulli, ruwan lemo siginar hagu, shuɗiya mai haske ta dama. Gyara inda ɓera ya ci kawai, kada a yanke duka.

Tanki kuwa, cire famfonsa, zuba ƙananan notuna cike da hannu da ɗan kananzir, ka girgiza har hannu ya gaji, ka juye, ka ƙirga notunanka. Cika shi da binega ya kwana biyu, ka zubar, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka shanya a rana ya bushe ƙarau, nan take ka zagaya cikinsa da ɗan mai, in ba haka ba kafin magariba sabuwar tsatsa ta fito. In ya huje, mai walda ya san sai an wanke an cika da ruwa, don tururin fetur da ya rage a tanki ya fi fetur ɗin kansa haɗari.

Sai fenti. Ra'ayina ne, kana iya ƙi: ni da nawa ne ba zan fente tankin nan ba. Wanke shi, ka goge da man goge mota, za ka sha mamakin jan da ke ƙarƙashin ƙura. Farin ƙarfe kuma takardar alminiyam da ruwa na cire masa ɗigon tsatsa. In ka duba gefen tankin za ka ga inda fenti ya koɗe, daidai inda gwiwar Malam ke gogawa shekara da shekaru a hanyar gonaki. Mai fenti zai shafe wannan cikin minti biyar. Firam da ya yi tsatsa a kankare a shafa baƙi, wannan kariya ce. Tanki dai ka hau shi wata shida tukuna, in har lokacin kana son sabon fenti, ba inda ya gudu.

Abokinka na biyu ma bai yi ƙarya ba. In abin hawa kawai kake nema, sabon Bajaj ya fi sauƙi, kuma kuɗin da za ka zuba a wannan ba za ka mayar da su a kasuwa ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma wasiƙarka ba ta mai neman abin hawa ba ce. Ware ɗan abin da ba zai taɓa cefanen gida ba duk wata, aiki ɗaya a wata. In fistin ya saki ka rubuto mini kalar man da ka juye.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa daga Maraɗi. Maigidana yana da tsohuwar Vespa, da ita yake zuwa zance gidanmu. Ɗanmu na fari ya tayar da ita bayan shekaru tana ajiye. Tana tashi, amma in ta yi zafi sai ƙararta ta riƙa hawa da kanta, kuma inda ake ɗora ƙafa ya huje wuri biyu. Yaron ya ce ba komai. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya, hankalinki ya fi na yaron gaskiya. A karɓe makullin tukuna. Vespa ba irin sauran babura ba ce, tun da Piaggio ya fara yin ta a Italiya a 1946 ba ta da firam na bututu a ciki, kwanon jikin nan shi ne ƙashin bayanta. In tsatsa ta huda wurin ɗora ƙafa, sai a kwantar da ita a duba ƙasan tudun tsakiya da sukundireba. In ƙarfen na nutsewa, tana iya lanƙwashewa a rami. Mai walda na ƙwarai zai yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe, ba ya lulluɓe da faci a shafe da fenti ba.

Ƙarar da ke hawa da kanta kuwa iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Injinta mai shan gauraye ne, fetur da baƙin mai tare, kuma akwai robobi biyu a gefen kurankishaf da ke riƙe iska. In sun daɗe suna bushewa su tsage, iska ta yi wa mai yawa, inji ya yi zafi fiye da kima, fistin ya cije ana gudu, tayar baya ta tsaya cak. A fara duba gindin kafireto ko ya saki, in ba nan ba ne a canza robobin. Gaurayen kuma, ga irin su Super, Sprint da PX, kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 na man 2T a kowace lita. A auna da sirinji, ba da murfin gora ba. Wasu PX suna da tankin mai daban mai 'yar tagar gilashi, su ba a gauraya musu. Ki gaya masa kuma, garen tayar Vespa ɓari biyu ne aka haɗa da noti, sai an sace iskar taya kaf kafin a kwance su. In an gama duka, hular kwano ta zama sharaɗin mayar masa da makulli.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Kaduna. An nuna mini Roadmaster a rabin kuɗinta, inji lafiya. Mai ita ya ce gara ta cinye takardun. In saya?

AMSA: Ɗana, gara na cin takarda, wannan gaskiya ne, amma ba ta cin maƙwabta. Mutumin da babur ya shekara a hannunsa yana da mai unguwa da ya san shi da shi, da bakaniken da ke gyara masa, da wanda ya sayar masa. Ka ce a yi cinikin a ƙofar gidansa da rana, ya kawo shaidu biyu, ya yi takardar rantsuwa a kotu cewa takardun sun lalace, a rubuta yarjejeniya da lambar firam da ta inji. Lambar firam tana wuyan babur ƙarƙashin kai, ta inji tana jikinsa ta ƙasa. Goge su da fetur ka shafa yatsa: in wurin ya yi kwari, ko lambobin ba su jeru daidai ba, ko an yi sabon fenti a nan kaɗai, juya ka tafi. In lambar rajista na jiki, a bincika ta a ofishin da ke ba da lamba kafin kuɗi su fita daga aljihunka. Mai gaskiya ba zai ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya ce sauri yake yi, ka bar masa abinsa. Na ga yaro ya gama gyara babur tsaf, mai shi na asali ya gane shi a bakin masallaci, ya rasa babur, ya rasa kuɗin gyara, ya kuma kwana a caji ofis.

TAMBAYA: Oga, daga Gombe nake. Injin tsohon CG ɗina ya buga, in sa masa na Chaina?

AMSA: Ƙanena, in da shi kake neman abinci, sa masa, da yawansu suna hawa kan maɗaurin ba sai an yi walda ba, amma ka auna kafin ka biya, kuma in naka na bolt 6 ne za a sauya waya zuwa bolt 12. Karɓi rasitin sabon injin mai ɗauke da lambarsa, ka haɗa da takardunka, don lambar da ke takarda ta daina dacewa da ta jiki. Tsohon kuma kada ka bari a saye shi a kilo. Zuba masa baƙin mai ta ramin fulogi, toshe bakin kafireto da na salansa da tsumma mai maiƙo, ka sa shi a buhu ka ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa.